Jinin dasashi: wai da gaske yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Salam Likita, barka da aiki. Maigidana ne ke damuna wallahi, shekararsa 52 kuma yana da ciwon suga wajen shekara shida kenan, to tun bara in ya yi asuwaki ko ya goge baki da buroshi sai ka ga jini, ko rake ya sha sai ka ga ɓawon ya yi ja, ga bakin ya fara wari kuma haƙori ɗaya na ƙasa yana girgiɗi. Shi dai cewa yake sanyin Jos ne. Jiya kuma ƙanwarsa ta turo min wata murya a WhatsApp wai ƙwayoyin cutar dasashi suna shiga jini su kawo ciwon zuciya da ciwon mantuwa, ni duk hankalina ya tashi. Gaskiya ne? Daga Maman Hanifa, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya ba maigida lafiya. Ki gaya masa a bar sanyin Jos ya huta, sanyi yana sa haƙori tsami in an sha ruwa da asuba lokacin hunturu, amma ba ya sa dasashi jini. Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi.

Abin da ke faruwa shi ne, bakin ɗan Adam gida ne na ƙwayoyin cuta iri wajen 700, galibinsu ba ruwansu da kowa. Amma wannan farin dattin mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, in aka bar shi sai ya daskare ya zama kamar tsakuwa, buroshi ba ya ƙara iya cire shi, daga nan dasashi ya kumbura ya saki haƙori a samu ɗan rami a tsakani inda iska ba ta shiga sosai, to nan ne miyagun cikin ƙwayoyin ke samun wurin zama, shugabarsu kuwa sunanta Porphyromonas gingivalis. A hankali ƙashin da ke riƙe haƙori yake zaizayewa, shi ne girgiɗin da kika gani. Kuma abin haushin ba ya ciwo da wuri, shi ya sa mutane ke sakaci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum wajen biliyan 1 ke fama da ciwon dasashi mai tsanani.

Maganar shiga jini gaskiya ce, ramin nan buɗaɗɗen gyambo ne, tauna kawai tana iya tura su cikin jini. An samu alamarsu a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, kuma masu ciwon dasashi sun fi yawan samun ciwon zuciya. Sai dai a 2012 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce alaƙa akwai, amma ba a tabbatar cewa shi ne ke haddasawa ba, don sigari da suga da shekaru duk suna jawo cututtukan biyu. Ciwon mantuwa ma haka, a 2019 wani bincike ya gano gubar ƙwayar nan Porphyromonas gingivalis a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar Alzheimer, labarin ya zaga duniya, amma ganin mutum a wurin gobara ba shi ke nuna shi ya kunna wutar ba. Akwai kuma wata, Fusobacterium nucleatum, da ake yawan samu cikin kansar hanji. Duk ana kan bincike.

Ni abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki sugan ne, a nan kam hujja ta yi ƙarfi. Suga in ya hau yana raunana garkuwar jiki ya busar da baki, dasashi ya lalace da sauri, shi kuma kumburin dasashin sai ya sa insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jiki, ya kasa aiki yadda ya kamata, suga ya ƙi sauka ko da mutum yana shan maganinsa kullum, kin ga kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. An ga cewa in aka yi wa mai suga wankin dasashi sosai, gwajin nan na wata uku, HbA1c, yana sauka da kusan 0.4. Kamar ba yawa ko? A wurin mai suga ba ƙaramin abu ba ne.

Don haka ki lallaɓa shi ku je sashen haƙori, akwai a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, a duba zurfin ramukan a kankare dattin har ƙarƙashin dasashi, ya tafi da katinsa na suga ya nuna musu. Don Allah kar ya bi ta kemis a haɗa masa Flagyl da kafso ja da rawaya, zai ji sauƙi na sati biyu tsakuwar tana nan daram. Kuma wankin haƙori ba ya sa haƙori ya yi sako-sako kamar yadda ake faɗa a majalisa, dattin ne dama ya cike gurbin ƙashin da ya tafi, in an cire sai ɓarnar ta fito fili. Ƙashin da ya zaizaye ba kasafai yake dawowa ba, amma ana iya tsayar da abin a ceci sauran.

A gida kuma buroshi mai laushi da makilin mai fulorayid, safe da dare, minti biyu, kar ya daina don ya ga jini. Asuwaki yana da kyau ya ci gaba da abinsa, sai dai ba ya kaiwa tsakanin haƙora da can ƙurya sosai. Gawayi da toka da sakace da tsinken tsintsiya a bari. In yana shan sigari ki gaya wa likitan, don sigari na ɓoye jinin, sai ciwon ya fi yadda ake gani muni. Ke ma in kun je ki buɗe baki a duba ki, musamman in kina da juna biyu, don ciki na sa dasashi kumburi kuma wankin ba ya cutar da jariri.