Tambaya da Amsa: Ta Ina Za Mu Fara Farfaɗo da Tsakiyar Gari?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni kansila ne, an sa ni cikin kwamitin da zai tsara yadda za a farfaɗo da tsakiyar garinmu. Da can wurin ba ya shiguwa saboda jama'a, yanzu kuwa shaguna da yawa a garƙame suke, da magariba ta yi sai ka ji tsit. Ciyaman ɗinmu yana son a ciyo bashi a gina katafaren ginin shaguna mai hawa huɗu, wai shi zai jawo masu zuba jari. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma na rasa abin da zan faɗa a zaman kwamiti. Daga wani kansila.

AMSA: Yallaɓai kansila, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Tambaya ɗaya za ka yi musu a zaman: shagunan da ke ƙasa ba kowa a ciki, wa zai hau hawa na huɗu? Garin da shagunansa ke rufe ba shago ya rasa ba, ƙafa ya rasa.

Bari in ba ka labarin abin kunyata. A farkon aikina a ofishin tsara birane, da hannuna na zana taswirar wata sabuwar sakateriya a bayan gari, ga fili, ga wurin ajiye motoci, kowa na yaba mana. Ma'aikata suka tare. Ba a jima ba masu kwafin takardu suka bi su, masu ɗaukar hoto suka bi, sai masu abinci, sai ofisoshin lauyoyi, daga ƙarshe reshen banki. Kafin shekara uku titin tsohuwar sakateriya ya zama kufai. Hukumar da ta kwashe mutanen ita ce kuma ta kafa kwamitin gano abin da ya kashe titin, aka naɗa ni sakatarensa. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini tsakiyar gari ta mutu, sai in tambaye shi: wa ya tashi, ina ya koma, me ya kore shi?

Amsar ba a ofis take ba. A Kofanhagan ta ƙasar Denmak, bayan an hana motoci bin babban titin kasuwanci na Strøget a 1962, wani masanin gine-gine mai suna Jan Gehl ya riƙa fita da ɗalibansa suna ƙirga masu wucewa, da masu tsayawa, da masu zama. Da irin waɗannan alƙaluma birnin ya riƙa kare matakan da ya ɗauka daga baya. Ku ma ku ɗauki matasa huɗu da littafi da biro, su tsaya a mararrabai huɗu su ƙirga mutane da ƙarfe takwas na safe, da ɗaya na rana, da takwas na dare, har mako biyu. Sannan a bi gine-ginen da ke rufe ɗaya bayan ɗaya, a rubuta mai shi da dalilin rufewa. Za ka sha mamaki. Wani rigimar gado ce ta rufe shi, wani rufin ke yoyo, wani kuɗin haya ne ya fi ƙarfin kowa, wani kuma mai shi ya miƙe ƙafa yana jiran filin ya yi tsada. Ciwo huɗu ke nan, ba kuwa wanda sabon bene zai warkar.

Na san wani a kwamitin, ko mai ba da shawarar da za a ɗauko da tsada, zai kawo zancen Bilbawo ta Sifaniya, inda gidan tarihi na Guggenheim da aka buɗe a 1997 ya jawo baƙi daga ko'ina. Gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da ya riga ginin: shekaru aka yi ana tsabtace kogin da masana'antu suka gurɓata, aka janye harkar tashar jiragen ruwa daga tsakiyar gari, jirgin ƙasa na cikin birni ya fara aiki a 1995. Ginin rawani ne aka ɗora a kan da ya riga ya yi wanka. A Shafil ta Ingila kuwa, an buɗe wata cibiyar kaɗe-kaɗe mai ƙyalli a 1999 da irin wannan buri, aka rufe ta a 2000 don baƙin da aka yi hasashe ba su zo ba. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Ga kuma bashi: ko gini ya cika ko bai cika ba, wata na ƙarewa sai an biya, daga kuɗin da za a kwashe shara da shi.

In da ni ke riƙe da kasafin kuɗinku, abubuwan da ba sa shiga jarida zan fara kashe wa: magudanar ruwa, fitilun titi da ke kamawa kowane dare, kwashe shara, banɗakin jama'a mai tsabta, inuwa da wurin zama. Sai takardar izini. Duk wanda zai buɗe sana'a a yankin ko ya gyara tsohon gini, a tara masa komai a tebur ɗaya, a yanka masa ranar karɓa. Wannan ba ya cin ko bulo ɗaya, sai dai yana cin mutuncin wasu a ofis, shi ya sa ya fi gini wuya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne mazauna. Unguwar da ba mai kwana a cikinta dole ta mutu da magariba, ko da zinariya aka shafe ta. Ku duba dokar tsarin gininku, ta yiwu ita ce ta hana a mayar da saman shaguna gidajen haya. Ku sassauta. Wanda ke kwana a sama shi ne mai sayen sabulu da dare, shi ne mai gadin da ba a biya. Ofisoshin hukuma da suka rage a ciki, da tashar mota, kada wanda ya ƙara taɓa su. Masu kasa kaya a bakin titi kuma a tsara musu wuri, kada a kore su da sunan kwalliya, don rabin ƙafar da ta rage muku su ke jawo ta.

'Yan kasuwa a jawo su tun kafin a rubuta layi ɗaya. A wata unguwa ta Toronto mai suna Bloor West Village, a 1970, masu shaguna da kansu suka nemi hukuma ta ɗora musu ɗan ƙarin haraji, ta tattara, ta mayar wa ƙungiyarsu don gyaran titinsu. Tsarin ya bazu duniya. Amma kada ku fara da karɓar kuɗi. Wanda bai ga fitila ta kama ba, ba zai yarda da sabon rasit ba.

Ciyaman fa? Kada ka ƙaryata shi a gaban mutane. Ɗan siyasa ne, yana bukatar abin da zai yanke wa ƙyalle kafin zaɓe, kuma wannan ba laifi ba ne. Ba shi labarin Jaime Lerner, magajin garin Kuritiba ta Barazil, wanda a 1972 ya mayar da wani sashe na babban titin kasuwanci na masu tafiya a ƙasa cikin kwana uku kacal. Da masu motoci suka shirya kutsawa don nuna fushi, sai suka tarar da yara zaune a tsakiyar titi suna zane a kan takardu. Daga baya 'yan kasuwar da suka yi adawa su suka nemi a faɗaɗa. Sai dai ka haɗa masa da na Kalamazu ta Amurka, wadda ta rufe titinta ga motoci a 1959, ta sake buɗe wani sashensa a 1998, don rufe titi ba ya haifar da jama'ar da babu. Saboda haka ku zaɓi titi ɗaya, wanda ƙidaya ta nuna yana da sauran numfashi, ku gwada da fenti da benci da fitila na wata shida. In ya karɓu, ciyaman ya yanke ƙyallensa. In bai karɓu ba, fenti kuka yi asara.

In kun gama ƙidayar, aiko mini da alƙaluman ƙarfe takwas na dare, da jerin dalilan rufe gine-ginen. Ina so in ga nawa ne na rigimar gado.