Ƙanena ya ce handikaf lissafi ne, ba caca ba

Tambaya: Malam, ƙanena ya fara kai kuɗin shagonsa gidan cacar ƙwallo. Da na yi masa faɗa sai ya ce shi handikaf yake bugawa, wai dabarar masu sukuwar dawaki ce, faɗuwa a cikinta da wuya. Hankalina ya tashi. Mene ne gaskiyar kalmar nan?

Amsa: Hajiya, kalmar ma a cikin caca aka haife ta. Asalinta "hand in cap", wato hannu cikin hula, sunan wani wasan musayar kaya a Ingila tun ƙarni na 17. Mutum biyu za su yi musaya, alƙali ya yanke cikon da mai ƙaramin kaya zai ba da, su ukun su zuba kuɗi a hula. Kowane ɗan musaya ya fito da hannu a buɗe in ya yarda, a dunƙule in ya ƙi. A ƙarni na 18 ta koma sukuwa: dokin da ya fi gudu a ƙara masa nauyi, ana cusa dalma a aljihunan ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi, don a yi kankankan. Haka ake gudanar da gasar sukuwar Grand National a filin Aintree na Ingila har yau.

A ƙwallo, maimakon dalma sai a rage wa babbar ƙungiya ci ɗaya ko ɗaya da rabi tun kafin a take leda.

Abin da ke ɓata min rai shi ne ƙaryar da masu sayar da "tabbataccen wasa" a Telegram da WhatsApp ke cusa wa yara kullum, wai handikaf na rage haɗari. Ina! Don a kashe fifikon gwani aka ƙirƙiro shi, wasan da kowa ya san wanda zai ci ya koma tamkar jefa kwabo sama. Kamfani kuwa ya cire rabonsa tun daga farashi. Yakan sa ninki 1.90 a kowane ɓangare. Mutum biyu su zuba naira 10,000 kowanne, kowa da ɓangaren da ya zaɓa daban, a karɓi 20,000, a biya wanda ya ci 19,000, dubu ɗaya ta zauna a kamfani ko wa ya ci. Ke nan sai ƙanenki ya ci wasa 53 cikin 100 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. In ya jera wasa 10 a tikiti guda, damarsa wajen 1 ce cikin 1,024, alhali ninki 613 kacal za a biya shi.

Ki zaunar da shi ya buɗe tarihin asusunsa na wata uku, ku tara abin da ya zuba da abin da ya cira. Kafin nan a ɗauke kuɗin sarin kaya daga hannunsa.