Ruwan da ke Kewayawa a Gaɓar Somaliya

Tambaya: Malam, an ce mana a darasin labarin ƙasa akwai wurin da ruwan teku ke kewayawa kamar guguwa, ya yi watanni ya ɓace, baɗi ya dawo. Me ke kawo shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, gaskiya aka faɗa maka. Wurin yana Tekun Indiya, dab da gaɓar Somaliya, kudu da tsibirin Sokotra. Tun 1866 wani Baturen Ingila, Alexander Findlay, ya ambace shi a rubutunsa na jagorar matuƙa jirgi.

Ka san halin iskarmu: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. Can ma haka ne, sai dai ruwan tekun kansa yana bin ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kudu yake gangarawa. Da Yuni ya kama, iskar kudu maso yamma ta taso gadan-gadan, sai ya juya arewa da gudun da kan kai mita 3 a daƙiƙa.

Idan ina koyar da wannan, kofin kunu nake shiga aji da shi. Hura shi ta gefe ɗaya ka gani, duka zai fara juyawa. A teku akwai ƙari: juyawar duniya na karkatar da ruwan sama zuwa dama da iskar. Sai ya bar gaɓa ya taru can ciki ya yi tudu, sauran ruwa na kewaya tudun kamar hannun agogo, faɗinsa ya kan kai kilomita 500. Gurbin da ya bari kuwa, ruwa mai sanyi daga ƙasa ke cike shi wajen Ras Hafun, wani tsinin ƙasa a gaɓar Somaliya, ɗauke da abincin kifi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ruwan nan mai kewayawa ba ya jiran iskar. Tun Afrilu yake somawa, sa'ad da wasu manyan igiyoyin ruwa masu tafiyar hawainiya suka iso daga gabas. Iska ta kwanta a Satumba, shi bai kwanta ba, kamar kunun da aka zare ludayi yana ta juyawa. Binciken da aka wallafa a 2019, daga bayanan tauraron ɗan'adam na shekara 23, ya nuna yakan yi kwana 198 a matsakaici.