Inji a gaba, a tsakiya ko a baya: wanne ya fi riƙe titi?

Tambaya: Ƙanena ya dage sai ya sayi Corvette C8, wai tunda injinta a tsakiya yake ba ta ƙwacewa a kwana. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne, ko in lallaɓa shi ya nemi mai inji a gaba?

Amsa: Malam, damuwarka tana da tushe. Mai inji a gaba, irin Ferrari 812 ko AMG GT, ta fi haƙuri da direba. In za ta zame, a hankali take farawa, za ka ji a sitiyari. Inji a baya kuwa Porsche 911 ce ta riƙe shi tun 1963. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta a kan tayoyin baya yake, shi ya sa take fita daga kwana da ƙarfi. Na tsakiya daga tsere ya fito: da shi Jack Brabham ya ci gasar Formula 1 a 1959 cikin motar Cooper, Lamborghini Miura ta yi suna da shi a 1966, Chevrolet ba ta mayar da Corvette kansa ba sai 2020.

To, maganar ƙanenka ita ce nake ji kullum, kuma ta ishe ni. Inji a tsakiya na tattara nauyi wuri guda, sai mota ta riƙa juyawa da sauri. Saurin nan da ke daɗin tuƙi shi ne kuma saurin da take katantanwa. Tana riƙe titi sosai, amma ranar da ta saki ba ta sallama. Direba ya shiga kwana da gudu, ya tsorata, ya ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya. Nauyi ya koma gaba, baya ya yi sako-sako, kafin ya murɗa sitiyari ya riga ya fuskanci inda ya fito. Irin wannan koke ne ya sa Toyota ta gyara ƙafafun MR2, motarta mai inji a tsakiya, a farkon shekarun 1990.

Abin da ya fi ɓata mini rai su ne kanikawan da in fitilar ESC (na'urar da ke hana mota zamewa) ta kunna, maimakon su nemo matsalar, sai su kashe na'urar, su ce wai "tana rage wa mota ƙarfi". Wani kuma ya ɗaura taya 'yar gwanjo, faɗi ɗaya gaba da baya. C8 da taya mai faɗin milimita 245 a gaba da 305 a baya ta fito daga kamfani, ba don ado ba.

In har zai saye ta, ya bar ESC a kunne, ya sa tayoyin da aka rubuta mata sababbi, ya gama taka birki tun kafin ya shiga kwana. In kuma ita ce motar gudunsa ta farko, ni dai mai inji a gaba zan zaɓar masa.