Aikin mai bin diddigin cututtuka, a ofis ake yinsa ko a ƙauye?

Tambaya: Salam Dakta. Na gama digiri a fannin lafiyar al'umma, ina sha'awar aikin masu yaƙi da maleriya da su tundurmi. Wai me suke yi takamaimai, kuma dole sai mutum ya zama likita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a ba dole ba ne, a cikinmu akwai likitocin dabbobi, akwai 'yan lab, akwai masanan sauro. Akwai shirin NFELTP, na horar da masu bin diddigin cututtuka a Najeriya, da aka fara a 2008, ana yin digiri na biyu ta ABU Zariya ko Jami'ar Ibadan, kuma yawancin karatun a fili ake yinsa.

Shi aikin namu ƙirge ne da tafiya, wa ya kamu, a wane ƙauye, a wane wata. Ki ɗauki tundurmi, wanda ke kumbura ƙafa ya kawo wa maza gwaiwa, wata tsutsa ce ke haddasa shi. 'Ya'yan tsutsar sai dare suke fitowa cikin jini, to haka za ki zauna a ƙofar gidan mai gari da tocila wajen ƙarfe goma na dare kina huda yatsun mutane don ɗibar jinin gwaji, kuma wallahi in ba ki gaisa da dattawa yadda ya kamata ba ko mutum ɗaya ba zai miƙo hannu ba. Sauron da ke kawo maleriya shi ne dai ke yaɗa tundurmi a karkararmu, shi ya sa a Filato da Nasarawa aka haɗa rabon gidan sauro da maganin Mectizan da albendazole duk shekara, har a 2017 aka sanar an kawar da cutar a jihohin biyu.

Abin da ya fi wuya shi ne ƙarshen yaƙi da cuta. Kurkunu ya kama sama da mutum 650,000 a Najeriya wajen 1988, na ƙarshe an same shi a 2008, amma sai 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shaidar an kawar da shi, shekara biyar ana bin duk jita-jita ƙauye ƙauye ana tabbatar da babu. A irin wannan lokacin ne kuɗi ke janyewa mutane su gaji, ke kuma ba ki da damar gajiya.

Ki koyi lissafin alƙaluma da kwamfuta sosai, sannan in daminar bana ta zo ki nemi shiga ayarin masu raba wa yara maganin rigakafin maleriya gida gida, ki ga ko ranki zai so.