Amsa: Shin wannan ne bugun farko na littafin Manzoni?

Malam, ka ce ka ga kwafi mai hotuna na I promessi sposi, littafin labari na marubucin Italiya Alessandro Manzoni, a wata rumfar tsofaffin littattafai a Milan, mai rumfar ya ce bugun farko ne. Ka dakata tukuna kafin ka biya.

Bugun farko ba shi da zane ko ɗaya. Juzu'i uku ne, Vincenzo Ferrario ya buga a Milan, ya fito kasuwa a watan Yunin 1827, kodayake shekarun da za ka gani a shafin suna 1825 da 1826 ne. Mai hotunan nan wataƙila na 1840 zuwa 1842 ne, wanda Francesco Gonin ya yi wa zane, aka riƙa fitar da shi kashi-kashi. Shi ma ba abin rainawa ba ne, don a cikinsa Manzoni ya gyara harshen littafin gaba ɗaya bayan zamansa a Florence, ya mayar da shi irin Italiyancin mutanen can. Ni kam shi na fi so.

Ka buɗe shafin suna, ka karanta sunan maɗaba'a da kyau, domin an sha buga littafin ba da izinin Manzoni ba. Ka kuma duba ƙarshe ko akwai Storia della colonna infame, wani rubutun tarihi na Manzoni da ke tare da bugun 1840.