Muryar da aka ajiye a gurup kan harajin cinikin hannun jari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Toh Malam na ga tambayarka, ka ce wai harajin nan da ake ta maganar ɗorawa a kan saye da sayar da hannun jari kashi 0.1 cikin ɗari ne kawai to ihun na menene, kuma zai shafi 'yan foreks, wato masu cinikin canjin kuɗaɗen ƙasashe, ko a'a. Rubutu zai yi tsawo shi ya sa na ce bari in yi murya, a yi haƙuri da ni.

Ka fara gane wani abu, wannan ba harajin riba ba ne fa. Ka ci ko ka faɗi, da ka danna an cire. Ɗauki dala 10,000, a ce ana cire 0.1 a shiga ana cirewa a fita, dala 10 ke nan kowanne. Wanda ya saya ya ajiye shekara biyar ko a jikinsa. Amma ɗan tiredin da ke shiga yana fita sau 20 a rana da wannan jarin, dala 400 zai biya kullum, kashi 4 cikin ɗari na uwar kuɗinsa a yini guda, wallahi ba dabarar da za ta ɗauki wannan, balle kamfanonin nan masu ciniki da kwamfuta sau dubbai cikin daƙiƙa waɗanda ribarsu a kowane ciniki ba ta ma kai harajin ba, su kam sai dai su naɗe tabarma.

Wani zai ce to su tafi mana, ai dama caca suke. Eh, masu goyon baya haka suke cewa, kuma suna da hujja, ga kuɗin shiga ga gwamnati. Sai dai da yawansu su ne ke tsaye kullum suna saye daga mai son sayarwa suna sayar wa mai son saye. In suka ragu ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa sai ta buɗe, kai da ka ce ba ruwanka kai za ka biya wannan ratar, har asusun fansho ma, tunda su ma suna jujjuya jarinsu.

Kuma an gwada abin nan fa. Suwidin ta sa shi a 1984, rabin kashi ɗaya a saye rabin kashi ɗaya a sayarwa, 1986 suka ninka, kafin ka ce kwabo zuwa 1990 wajen rabin cinikin hannun jarin ƙasar ya koma Landan. Da suka ɗora a kan takardun lamuni a 1989, makon farko kawai ciniki ya faɗi da wajen kashi 85, kuɗin da suka sa rai bai shigo ba, 1991 suka soke gaba ɗaya. Me ya kashe su? Sun ɗaura harajin ne a wuyan dillalan cikin gida, to kowa sai ya nemi dillalin waje, shi ke nan.

Ingila kuma kashi 0.5 take karɓa a kan sayen hannun jari, ya fi wanda kake magana sau biyar, kuma tana tara fam biliyoyi duk shekara, Landan ba ta mutu ba. Su a kan takardar mallakar kamfanin ƙasarsu suka ɗora, ko daga ina ka saya sai ka biya, sannan suka yafe wa manyan dillalan da ke tsakiya. To kun ga inda gizo ke saƙar, ni shi ya sa in an kawo irin wannan doka ban cika kallon lambar ba, ina duba wa aka yafe wa, kuma akwai ƙofar gudu ko babu. A Ingilar ma 'yan tiredin da yawa sun koma CFD, suna cinikin farashi ba tare da sun mallaki hannun jarin ba.

Faransa ta fara a 2012 da 0.2 a kan manyan kamfanoninta da darajarsu ta haura yuro biliyan 1, ta ƙara zuwa 0.3 a 2017, amma abin dariyar, wanda ya saya ya sayar a rana ɗaya ba ya biya, mai haƙurin ajiya shi ke biya. Ciniki ya ragu, hawa da saukar farashi kuma ba ta wani lafa ba. Tarayyar Turai ta kawo nata shirin a 2011, 0.1 a hannun jari da lamuni, ƙasashe suka kasa haɗa kai, 11 suka ware a 2013 za su yi nasu, nan ma aka yi ta jan ƙafa.

Maganar foreks kuma Malam, asalin shawarar ma a kanta aka yi, James Tobin, wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, shi ne ya kawo a 1972 don a rage gudun masu wasa da kuɗaɗen ƙasashe. Amma kasuwar canji ba ta da gida ɗaya, ka sa haraji a nan ciniki ya koma Singafo ko wani wajen, shi ya sa Beljiyam da ta yi dokar a 2004 ta ce ba za ta fara aiki ba sai duk ƙasashen yuro sun yi irinta. Don haka ɗan foreks ya duba ko an rubuta CFD a cikin dokar ƙasar da dillalinsa yake, ta nan ne abin zai fi saurin iske shi.